Noeleen Trembath, Wadda Ta Hana Mu Cewa Lafiya Lau

Noeleen Trembath ta rasu ranar Talata, 14 ga Mayu, a asibitin Dubbo, tana da shekara sittin da ɗaya. Colleen ce ta kawo mini labarin, matar da ke zuwa ta tashe ni daga gado kowace safiya. Sai da ta sa mini safa, ta ɗora ni a kan keken guragu, ta danne birki, sannan ta faɗa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, abin dariya ga mutumin da shekara tara ke nan ba abin da yake yi sai zama. Daga kicin zuwa baranda, daga baranda zuwa bakin titi, har tayoyina sun yi hanya a tsakar gida. Mai jaridar garinmu ta ce in rubuta wani abu ko hannuna ya samu abin yi.

Ga wanda bai san ni ba a Cobar, ni ne Wal Pengilly. Shekara ashirin da shida ina askin tumaki kafin mota ta kife da ni a hanyar Wilcannia, ta bar ni da rabin jiki.

Noeleen, kin fi kowa sanin yadda abin yake a nan. Gwamnati na ware wa kowane mai larura kuɗinsa na shekara, ya ɗauki wanda yake so ya taimake shi. A Sydney in ka ɗaga waya kamfani goma za su yi maka layi. Mu a nan kuɗin na kan takarda, wanda za ka biya ne babu. Wani kamfani ya taɓa zuwa daga birni da motoci masu tambari, ya raba mana huluna da kofunan shayi, muka sa hannu. Wata bakwai suka gane man mota na cinye ribar. Ranar Juma'a suka rufe ofis, ranar Litinin muna kwance muna jiran wanda ba zai zo ba.

A makon ne kika ajiye aikinki na jinya, kika mayar da teburin kicin ɗinki ofis. Kika shiga gari kina zaƙulo mutane ɗaya bayan ɗaya. Colleen daga shagon burodi kika ɗauko ta. Merv, wanda ya yi ritaya daga haƙar tagulla, kin tare shi a mashaya kika ce ƙarfin da yake ɓarnatarwa a ɗaga kofi akwai inda ake buƙatarsa. Da motarki kika kwashe su zuwa Dubbo suka koyi yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya shi ko an karya kai ba. Bayan shekara uku, da abin ya kankama, wani kamfanin ya turo wani mai sanye da kwat ya ce ki sayar masa da sunayen mutanenki. Ina wurin. Kika cika masa kofi da shayi, kika ce, "Ɗan nan, tumaki ake saya kai-kai, ga Wal nan ka tambaye shi. Shanye ka kama hanya kafin rana ta yi zafi."

Amma ba don wannan aka fi saninki ba. An san ki ne da yaƙin da kika yi da bakinmu.

Duk shekara hukuma na bugo waya ta duba ko har yanzu kana buƙatar abin da aka ware maka. Baƙuwar murya ce daga wani birni, sai ta ce, "Yaya kake fama?" Mu kuma mutanen karkara ne. Mutum gonarsa ta ƙone, ƙafarsa a karye, ka tambaye shi ya ce maka ba ƙorafi. Haka iyayenmu suka yi mu. A shekarata ta huɗu a kan keke na amsa wayar ni kaɗai, na ce lafiya lau, akwai waɗanda suka fi ni shan wuya. Matar ta yi mini godiya, ta rubuta abin da na faɗa, kuma ba laifinta ba ne. Aka rage mini taimakon safe daga kwana bakwai zuwa huɗu.

Ban manta shigowarki da takardar a hannu ba, ko sallama babu.

"Wal, me ka ce musu?"

"Gaskiya na faɗa."

"Gaskiyar wa? Ranar Asabar aljanu ne za su tashe ka? Tsohon banza mai taurin kai. Ba gaisuwa suke yi maka ba, awo suke yi."

Wata huɗu kina rubuta wasiƙu kafin a mayar mini da kwanakina. Daga nan kika kafa mana doka: wanda wayarsa ta matso, sai ya zo kicin ɗinki ya gwada faɗin ranarsa mafi muni, ba ranar da ya tashi da ƙarfinsa ba. In mutum ya ce "ba komai", ki ƙwanƙwasa kofi da cokali, a koma farko. Na ga ƙattin maza suna gumi a kan kujerar nan. Na ga uwar da ta yi shekara talatin tana cewa ɗanta ba shi da matsala ta faɗi yadda take kulle wuƙaƙe a mota don kada ya kai gare su, ta fashe da kuka, ta kuma samu mai taya ta a karon farko.

Ni kaɗai na gagare ki. In wayata ta zo sai ki zauna kusa da ni ki yi bayanin, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ba da ni ake ba. Kowace shekara ki ce, "Bana ma na yi maka, baɗi da bakinka." Ni kuma na saki jiki, don na san baɗin ma za ki yi.

Ga abin da ke hana ni sakat. Ashe tun watan Nuwamba likita ya faɗa miki mugun ciwon da ke cikinki. A watan Maris na ga kin rame, zoben hannunki na yawo, na tambaye ki. Kika dube ni ido cikin ido kika ce, "Lafiya lau, Wal, zafi ne kawai." Ke, Noeleen. Mutum arba'in kika tilasta wa buɗe cikinsu, naki kika rufe shi ruf. Ina jin haushinki, kuma ba zan ɓoye ba don kin mutu. Da mun sani da Merv ya riƙa tuƙa ki asibiti, da ba ki yi kilomita ɗari uku ke kaɗai kina tsayawa kina amai a gefen hanya ba, kamar yadda mijinki ya faɗa mini bayan an binne ki. Na kuma gane cewa ciwon da kika yi ta yi mana magani, ke ma shi ke jikinki.

Wayata ta bana ranar Alhamis ce, 30 ga wata, ƙarfe goma na safe. In aka sake rage safiyoyina, Colleen ba za ta iya riƙe gidanta da albashin kwana huɗu ba, za ta koma dafa wa ma'aikatan ma'adinai abinci, kuma ba zan ga laifinta ba. Ni kuwa sai gidan tsofaffi a Dubbo, ina da shekara hamsin da takwas, cikin 'yan shekara casa'in. Na gwada faɗin maganar ni kaɗai a baranda ya fi sau ashirin, da na buɗe baki sai in ji "ba ƙorafi" na neman fitowa. Don haka bari in rubuta ta a nan, inda ba zan iya janye ta ba.

Wata Asabar ce a watan Fabrairu, cikin watanni huɗun nan. Ba mai zuwa. Ƙarfe bakwai na yi ƙoƙarin sauka kan keke da kaina, na zame na faɗa tsakanin gado da bango. Wayata na kan tebur, ina ganinta, hannuna bai kai ba. Zafi ya haura digiri arba'in. Na ɓata jikina, na kwanta a ciki. Wajen ƙarfe tara na ji maƙwabcina Lindsay yana ba shukokinsa ruwa, taku goma daga tagata. Da na yi kira ɗaya da ya ji. Ban yi ba, saboda kunya. Sai ƙarfe biyar na yamma Colleen ta biyo da burodi, ba ranar aikinta ba, ta same ni harshe ya bushe. Na sa ta rantse ba za ta faɗa miki ba. Kuma har yau, daga azahar ba na shan ruwa, don kada buƙata ta kama ni ba kowa.

To, duk Cobar ta karanta, har da Lindsay. Ba sauran abin da zan ɓoye wa baƙuwar murya. Ranar Alhamis wannan sakin layin zan karanta mata kalma bayan kalma. Sauran mu arba'in, wanda wayarsa ta matso ya zo barandata ranar Laraba da ƙarfe uku mu gwada faɗa wa juna. Ban iya ba, amma zan saurara.

Ga Lionel mijinki, da 'yarki Tamsin, da jikokinki biyu, ina miƙa ta'aziyyata da ta duk waɗanda ke tashi daga gado da safe ta dalilinta. Mun ci lokacin da naku ne, mun sani, ku yafe mana. Allah ya ba ku haƙuri da dangana.

Ke kuma Noeleen, Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki kurakuranki, har da ƙaryar da kika yi mini a watan Maris. Allah ya ba ki hutun da ba ki taɓa yarda ki nema a wurinmu ba.