Sukudireba a Haƙori

Dubi tsohon makaniken can, sunkuye a kan motar da ta shekara tara a lulluɓe cikin gareji. Kai fari fat, farce baƙi ƙirin. Da ganinsa ka san a zamaninsa da kunne kaɗai yake gano ciwon inji.

"Murza makulli, 'yata," yake ce wa mai motar.

Ta murza, motar ta yi ƙyas-ƙyas, ta yi shiru.

"Baba, ka ji? Ko batir ne?"

Bai juyo ba. Allah sarki, kunnen ya tafi, kuma in aka sani wa zai ƙara kiransa? Ya kafa bakin sukudireba a jikin injin, ya ciji ƙotar da ragowar haƙoransa, ya rufe ido yana jira ya ji motsin injin ta haƙoran.

"'Yata, na ce ki murza mana."