Yunwar Sallau a Taron Damagaram

Sallau na Droum mijin autata Maryam ne. Da can ba na kama sunansa, amma yanzu haƙora sun zube, kunya ta bi su. Manomin gyaɗa ne, dogo, in ya yi sallama a ƙofar gari na bayan gari ke amsawa. Saboda muryar nan mutanen unguwarsu ke aikensa duk inda ake so magana ta isa. Ci kuwa, yakan share malmala huɗu ya tambaya ko akwai ƙanzo. Sai dai tun da ya auri Maryam ko ruwa bai taɓa kurɓa ba a gabana, ko gaban wani dangina. Suruki ne na gaske, har abin ya yi yawa.

Ana saura shekara guda a sami 'yancin kai aka kira babban taron jam'iyya a nan Damagaram, na kwana uku. Kamiyo, babbar motar kaya, ya yi ta sauke delege, wato wakilai, daga Mirriya da Dakusa da ko'ina. Mutanen su Sallau suka turo shi tare da abokinsa Kyari. Saƙonsu ɗaya ne: rijiyarsu ta rufta, mata na tafiya mai nisa neman ruwa, suna son ta siminti. Aka ce zai yi magana rana ta uku bayan azahar.

Ni kuwa tuwo nake sayarwa a Zango, sai na kafa tukwanena dab da ƙofar filin taron. Ranar farko da aka tashi cin abinci na hango shi ya nufo ƙamshin miyata da saurinsa. Muka haɗa ido. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da awaki, ya juya. Ya nufi mai fura, ashe ƙanwata Delu ce. Ya sake cire takalmi. Mai tsiren da ke gindin gawo kuwa ƙanen mijina ne. Ranar takalmin nan ya sha wahala.

Kyari ya zauna a tabarmata yana lasar yatsa, ya ɗaga murya.

“Sallau, zo ka ji miyar Inna, ko ɗanɗano ne.”

“Na ƙoshi,” in ji Sallau, yana kallon bango.

“Da me? Da jawabi?”

Na ce wa Kyari, “Kai Babarbare, ci ka tashi, tabarmar ba ta gadonku ba ce.”

Rana ta biyu suka tafi lotal, gidan abincin da ma'aikatan biro, wato ofis, ke ci. Sallau ya leƙa, ya ga kwalabe a kan tebur, ga mutane suna cin nama da ƙarfe mai yatsu, ya ce shi ba da shi ba. Daga nan suka shiga Birni, gidan wani attajiri da ke ciyar da baƙin taro. An ajiye akushi, Sallau ya wanke hannu, ya yi bisimilla, sai ga mijina Malam Bukar ya yi sallama, shi ma an gayyace shi. Sallau ya goge hannu a riga ya ce ya manta carbinsa a masauki. A masaukin ma ba sauƙi, don kowane kwanon baƙi da ya shigo, wata daga gidanmu ce ta kawo, ta tsaya jiran kwanonta. Goro da ruwa ya yi ta yi, sai 'yar gyaɗar da ke aljihunsa.

Da safiyar rana ta uku ya zo gaishe ni, sai da na miƙa kunne kafin in ji shi. Kyari ya dawo shi kaɗai, wannan karon ba dariya.

“Inna, in ya hau dandamalin nan haka, ko liman da ke kusa da shi ba zai ji ba. Rijiya ta tafi.”

In na aika masa da kwano, zai karɓa da hannu biyu ya ba wani. In na ce ci, zai nutse a ƙasa. Ranar ce kuma ciniki ya fi kowace rana. Na yi tsaki, na kira Rakiya, wata Bakanuwa mai sayar da daddawa wadda ba ta haɗa ko kaza da mu ba, na zaunar da ita a gaban tukwanena, na sauya mata wuri zuwa ɗaya ƙofar filin. Na tattaro Delu da mai tsire, muka bi ta gaban masaukin su Sallau ina faɗa da ƙarfi cewa bikin suna za mu Mirriya, sai gobe. Muka zagaya muka shige gidan maƙwabta, muka zauna kamar ɓarayi, Delu tana ta zagina a kan furarta.

Rakiya ta ce malmala shida ya ci, ya tambayi ƙanzo.

Bayan azahar muna zaune a bayan katanga, tsakaninmu da filin akwai gidaje fiye da goma, muka ji “Salamu alaikum, jama'ar Damagaram” kamar a tsakar ɗakin. Delu ta amsa ba ta sani ba. Ya faɗi zurfin rijiyar, ya faɗi ranar da ta rufta, ya faɗi sunayen matan da tulu ya cinye musu gashin kai, har manyan da ke kan kujeru suka yi dariya suka sa magatakarda ya rubuta. Kafin damina ta biyu aka yi musu rijiyar.

Ya yi shekara ashirin da wani abu bayan haka, ana aikensa yana zuwa. Har ya koma ga Allah, duk ranar da miya ta yi wa Maryam tsami sai ya ce mata ta je Damagaram ta nemi wata Bakanuwa ta koya mata girki, don matan garin nan ba wadda ta kama ƙafarta. Maryam ta so ta faɗa masa. Na ce in ta kuskura, ba ni ba ita.