Iya Yakaka, Mai Riƙon Makullan Unguwa

Gari na wayewa a Diffa za ka ji ta kafin ka gan ta. Damin makullai ne ɗaure a haɓar zanenta, suna kacau-kacau duk inda ta taka, tsintsiyar kaba a hammata. Iya Yakaka ke nan, Babarbariya, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗaki ɗaya da bishiyar dalbejiya. Ba ƙofarta take fara sharewa ba. Gidajen waɗanda suka yi tafiya take bi. Ta share ƙofa, ta yayyafa ruwa, ta shiga ta hura 'yar wuta a murhu don hayaƙi ya tashi, ta jiƙa zane ta shanya inda mai wucewa zai hango, ta ajiye takalma a bakin zaure. Tun wajen 1992 take wannan aiki, ba wanda ya naɗa ta, ba wanda ya yanka mata albashi.

Lokacin cirar tattasai unguwar kan watse. Magidanta su kwashi iyali su nufi gonakin bakin kogin Komadugu, ma'aikata kuma su jira hutun lekol, wato makaranta, su gangara garuruwansu. Kowa kafin ya hau mota sai ya biya ta wajenta ya miƙa makulli. Madam Priskila, matar Malam Gidiyon na lekol, ta sha ba da labarin wani baƙo da ya tsaya a ƙofarta tana can Maraɗi wajen Kirsimeti. Ya tambayi Iya ko masu gida suna nan. Ba ta yi masa ƙarya ba. Ta nuna igiya da tsintsiya ta ce, "Ɗana, ba ka da ido? Ga zanenta nan ko bushewa bai yi ba." Mutumin ya ja ƙafa, ba a sake ganinsa ba.

Ke ce wannan, Iya, mai hayaƙin gidan da babu kowa! Kuma a faɗi gaskiya, abin yana ci mana rai. Muna da dangi, muna da aminai, amma ranar tafiya duk a tsallake mu a nufi ɗakinki.

Duk cikinmu ba wadda abin ya fi tsaya wa a maƙogwaro kamar Hajiya Uwani, matar Alhaji Labaran mai kanti, mutanen Damagaram. Gidanta na siminti ne, ƙofar ƙarfe, katanga an jera mata fasassun kwalabe. Mace ce mai kyauta, wannan ba a ƙwace mata. Amma tun da ta zo garin ba wanda ya taɓa ba ta riƙon makulli, ko na akurkin kaji. In ta ji kacau-kacau ɗin nan ta bayan katanga sai abinci ya fita ranta. "Me ta fi ni da shi?" take tambayar Alhaji. "Tsintsiya? Ai muna da ita goma a kanti!"

Abin ya zo mata wuya shekarar da 'yarta ta fari, Sumaiya, ta bi mijinta zuwa garin Baroua aikin tattasai. Gidan amarya ne, cike da kaya: keken ɗinki, jeren kwanuka, ga sarƙa da awarwaron zinariya na gadon kakarta. Sumaiya ta zo ta yi wa uwarta sallama, ta durƙusa, ta sha addu'a, ta fita ta kai wa Iya Yakaka makulli.

Kai, Uwani ba ta iya haɗiye wannan ba. Ta yafa mayafi ta iske Iya tana shara.

"Iya, ba ni makullin yarinyar nan. Ni na haife ta."

"Ke kika haife ta, Hajiya, ba mai musu. Amma hannun da ya ba ni, shi zai karɓa."

Uwani ta juya ba sallama. Ta shiga kantin mijinta ta zaɓo kwaɗo mafi girma, ɗan Maiduguri, mai ƙyalli kamar tasa sabuwa, ta sa aka kafa shi a ƙofar Sumaiya ta waje. Ta soke makullinsa a ɗankwali, ranta fes. Da safe Iya ta zo ta tarar ba hanyar shiga. Ta je har gida, da Hausarta mai gardin Barbarci.

"Hajiya, kwaɗon naki kuka yake."

"Kuka? Na tafki kika ɗauke shi? Wannan ƙarfe ne, Iya!"

"Kuka yake. Yana gaya wa duk mai wucewa cewa ba kowa a ciki."

Uwani ta yi dariya har da tafa hannu, ta kuma baza maganar a wajen biki, wai tsohuwa na kishi da kwaɗo.

Hayaƙi ya ɗauke a gidan, igiya ta zauna wayam. Ranar wata Talata, kasuwar Diffa na ci, unguwa ta yi tsit, Iya ta raka wata maƙwabciya wajen likita. Da rana tsaka wasu suka zo da amalanke kamar masu tashin kaya, suka ɓalle kwaɗon da ƙarfe guda, suka yi gaba da keken ɗinki da akwati da kwanuka. Uwani ta iso ta ga ƙofa a hangame. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan mahaifiyarta, mai zinariyar.

Iya ta zo ta kama hannunta, ta ja ta zuwa ɗakinta. Ta kwance bakin wani buhun barkono, ta zura hannu har kafaɗa, su biyu suna ta atishawa, hawaye sharɓe-sharɓe. Ta zaro ƙullin tsumma. Tun ranar tafiyar Sumaiya, Iya ta ɗauke zinariyar daga akwati, da sanin mai ita, don ta san ba ɓarawon da ke da haƙurin tonon barkono. Kayan ɗaki dai sun tafi, jandarma sun yi nasu, ba a samo ko murfi ba.

Da Sumaiya ta dawo ta tsaya a ɗakin da aka wawashe ta ce, "Inna, me ya sa?" Iya ce ta amsa: "Tsoro ne na uwa. Da 'yata ce, wataƙila ni ma abin da zan yi ke nan." Kana tsammani wannan ya sanyaya wa Uwani rai? Ina! Kishin ma sai ya ninka. Ta ce da Alhaji, "Ka gani ko? Har a haƙuri sai ta fi ni."

Bana gwiwoyin Iya sun gaza. Ɗanta ya zo zai tafi da ita N'Guelbély ta huta. Ta bi gida-gida tana mayar da makullai, har haɓar zanenta ta daina ƙara. Mun gode, Iya. Kin riƙe mana zinariya da katifa da tukwane, ba ki taɓa buɗe abin da ba a ce ki buɗe ba, ba ki kuma taɓa kai labarin cikin ɗakin wani ƙofar wani ba. Allah ya ba ki lafiya, ya tsare ki yadda kika tsare mu. Mu kuma da muka rage, mai maƙwabcin da ya yi tafiya ya daina zaman jin haushi, ya tashi ya hura masa wuta a murhu.

Ranar tafiya, mota na jira, ta dogara sanda har ƙofar ƙarfen nan ta yi sallama. Ta miƙa wa Uwani makulli ɗaya, ɗan ƙarami, mai tsatsa. Na ɗakinta ne.

Uwani ta dube shi ta taɓe baki. "Me ke cikin ɗakin naki da za a sata, Iya?"

"Ba komai, Hajiya. Ki dai riƙa sharewa."

Uwani ta ɗaure shi a haɓar zanenta, ta ƙulle har sau biyu, ta shiga gida neman tsintsiya.