Anti Karo da Ɗaki na Tara

Shekara ashirin da biyu gwaggona ta yi tana tsara jadawalin ɗakuna a jami'ar fasaha, kuma babu zangon da ya wuce ba ta yi kuskure ba. Kuskuren ma iri ɗaya ne kullum: sai ta ba aji biyu ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba mata Anti Karo.

Ofishinta a ƙarƙashin matakalar bene yake. Tebur ɗaya, fanka mai kuka, makullai rataye a jikin ƙusoshi, sai wani faffaɗan allo da ta ja wa layuka da farin fenti. A lokacin kowane sashe da ƙofarsa. Masu kiɗa na yi wa masu sassaƙa kallon 'yan ƙwadago, masu zane ba sa zama benci ɗaya da 'yan wasan kwaikwayo. Ɗalibi sai ya yi shekara huɗu bai san abin da ake yi a bayan bangon ajinsa ba, sai fa in Gwaggo ta tura shi ɗaki na tara, mai dogayen tagogi.

Makon farko na kowane zango sai wani malami ya faɗo mata yana huci.

"Baiwar Allah, me na tare miki? Na shiga da 'yan rawa, na tarar masu ginin tukwane sun baje yumɓu ko'ina!"

"Ayya, Malam, tsufa ne. Ido ya tafi."

"Wane tsufa? Ni fa na girme ki!"

"To ka ga ni nawa ya zo da wuri. Ɗakuna duk sun cika, ku yi haƙuri da juna zuwa zango mai zuwa."

Sai a yi mako biyu ana harare-harare. A na uku, sai ka ga mai yumɓu ta ajiye tukunya tana gina siffar ƙafar mai rawa, shi kuma ya tsuguna yana tambayarta yadda take gane inda nauyin jiki yake sauka.

Tsofaffin ɗalibai yanzu suna cewa hangen nesa ne da ita, wai ta riga malaman gane cewa fannoni suna buƙatar juna. Na faɗa mata haka, ta yi dariya har da tari.

"Hangen nesa? Ɗan nan, mugunta ce zalla."

Ashe shugaban sashen kiɗa ne ya yi shekara uku yana karɓar makulli a hannunta, tun kafin a danƙa mata jadawali, bai taɓa gaishe ta ba, sai dai "ke mai makulli". Da jadawali ya zo hannunta, sai ta haɗa ajin gangunansa da na masu saƙa, don ƙarar masaƙa ta rikita masa lissafi. Ta lallaɓa ta bayan gini, ta tsaya a taga don ta more kallo. Abin da ta tarar daban: makaɗa sun yi tsit, wata yarinya tana taka masaƙa, wani dogon ɗalibi yana bin takunta da ganga a hankali, shugaban kuma na tsaye baki buɗe.

"Na je kallon wulaƙancinsa, na dawo na kasa cin abincin rana."

"To karo na biyun fa, Gwaggo? Wa ya ɓata miki rai?"

Ita takardar sakandare gare ta da ta koyon buga tafireta. Kullum ilimi na wucewa ta ƙofarta ya karɓi makulli, bai taɓa ce mata shigo ba.

"Na biyun don kaina na yi. So nake in sake tsayawa a tagar nan."

Da aka kawo sabon magatakarda, ya zo da kwamfuta wadda ba ta yarda a ba aji biyu ɗaki ɗaya. Ya bi tsofaffin takardu, ya ƙirga karo arba'in da huɗu, ya kira ta gaban kwamiti. Zaɓi biyu ne: in ta sa hannu cewa kuskure ne, ta ci gaba da zama a kujerarta tana shigar da jadawali a kwamfutar. In da gangan ne, ta bar ofishin.

Masinja, abokin hirarta, ya tare ta a ƙofa. "Yaya, don Allah ki ce tsufa ne, kamar kullum. Yanzu ma ai ya zo da gaske."

Ta shiga, ta gyara zama, ta ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ban taɓa yin kuskure ba."

A sito ta ƙarasa aikinta, inda ake tara karyayyun kujeru. Bayan shekara biyu jami'ar ta buɗe kwas na haɗa fannoni, a ɗaki na tara, da katin gayyata da jawabai. Ba a gayyace ta ba. Sau ɗaya ta zagaya ta bayan ginin, ta tarar an sa wa tagogin labule.

Allon yana ɗakinta yanzu, a jingine bayan ƙofa, da jadawalin zangon ƙarshe a jiki. Ba ta bari a goge. Na tambaye ta me ya hana ta sa hannu kawai ta huta.

Ta kalli allon, ta ce, "Da na ce kuskure ne, da duk abin da aka yi a ɗakin nan ya zama tsautsayi. Ni na yi shi."