'Yardada da Littafi na Uku

Ni na riga kowa ganin darajar 'Yardada a Koki, kuma ba na son musu. Lokacin da mazan unguwa suke wucewa ta ƙofar gidanta suna taɓe baki, ni Isyaku mai wankin hula, da ban taɓa zama a aji ba, tuni na san abin da Allah ya ajiye a gidan. Na ga kwalara, na ga yunwa, na ga soja sun hau sun sauka, ga ni nan daram. Idon da ya ga wannan duka ba ya kuskuren mutum.

A jikin katangarta nake shanya huluna. Da an sallame la'asar za ka ji tana shara, tana shimfiɗa tabarmi. Sai mata su fara shiga, wata da shinkafar tsinta, wata da ɗinki, wata da goyo, yawancinsu ba su iya boko ba. Ta ɗauko littafin soyayya da ta karɓo haya, ta gyara murya: "To, ina muka tsaya jiya?" Gidan ba a shiga, amma katanga ba ta hana kunne aiki. Ta yi muryar saurayi, ta yi ta budurwa, ta yi ta aljani har goyo ya tsorata. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya taɓa ce mata sannu da baki.

Ga abin haushin. Tun da mulki ya dawo hannun farar hula, ko kansila ya yi atishawa sai maroƙa sun kama ganga. Hotunan 'yan siyasar ma a katangar tata ake mannawa, suna ɓata mini wajen shanya!

Bari in ba ku ɗaya daga aikinta. A shekarar da soja suka koma bariki ta kama wani littafi na 'yar sarkin aljanu da ta gaji da fada, ta zo tana sayar da fura a gindin tsamiya, wani tela talaka ya kamu da sonta. Kun san halin marubutan nan: su sayar maka da na ɗaya, su sayar maka da na biyu, daidai inda rai ya rataye su ce sai a na uku. Wannan ya tsaya a inda aljanu suka zo suka ɗauke yarinyar.

A cikin masu saurare akwai Gwaggo Mero, mai alkakin biki, wadda ciwo ya kwantar har sai an riƙo ta ake kawo ta. 'Yardada ta zaga masu sayar da littattafai tana neman na uku har takalminta ya tsinke, kowa ya ce sai bayan Salla. Da kunnena na ji Mero tana cewa, "'Yar nan, ni fa ba zan kai bayan Salla ba. Sun yi auren ko ba su yi ba?"

Washegari 'Yardada ta ce, "Albishirinku, na uku ya samu!" Aka yi guɗa. Ta fara karatu, ni kuwa na tsaya da hula a hannu, don ban ji ƙarar buɗe takarda ko sau ɗaya ba. Tela ya ɗinka wa sarkin aljanu rigar da ta sanyaya masa zuciya, aka sa ranar biki. Sai amarya ta rantse ba za ta tare ba sai an ɗauko mata wata tsohuwa mai alkaki daga Koki. Hular ango kuwa wani tsoho mai cika baki ne ya wanke ta. Wa kuke tsammani?

Mero ta yi dariya har da tari. "Ja'ira! A littafin aka rubuta haka?"

"Gwaggo, ke dai saurara, ana shirin kai amarya."

Ranar Mero ta sha kunu, bayan ta daɗe tana ture kwano. Ba ta kai Sallar ba, Allah ya jiƙanta, amma ta tafi ta san an yi auren, kuma da alkakinta.

Baffa maƙwabcina, ɗan kanzagin wani ɗan takara, wai har yana da bakin cewa an yi wa marar lafiya ƙarya. Na ce, "Baffa, famfon da ka yi mana alkawari a madadin maigidanka fa? Ita ko tata ƙaryar ta shayar da marar lafiya kunu."

Da na ukun gaske ya fito, ashe marubucin ya sa mota ta kaɗe tela. Matan suka ce, "Mayar musu da kayansu, wannan jabu ne."

Ke ce, 'Yardada, kika sa matan da ba su iya karanta ko baƙi ɗaya ba suka shiga fadar aljanu da tiren shinkafa a cinya. Ke ce mai ƙarasa abin da masu alƙalami suka bari a hanya. Yau yanar ido ta rufe miki gani, kin ajiye karatu, kuma cikin duk 'yan matan da aka goya a kan tabarmarki ba wadda ta ɗauki littafi ta ce, "Inna, yau ni zan karanta miki." Suna can gaban bidiyo. Kai, wannan unguwa! Mun gode, Allah ya biya ki. Ku kuma masu ido da boko, la'asar ba ta daina yi ba, tabarmar tana nan.

Mai shakkar maganata ya zo Koki ya tsayar da kowace tsohuwa ya tambaye ta yadda tela ya ƙare. In ɗaya ta ce masa mota, ya kawo hulunansa in yi ta wanke masa kyauta har in mutu.