Turi Daga Waje

Yau a-daidaita-sahu ta mace mana a Gyadi-Gyadi. Mu huɗu a ciki, kowa na danna kujerar direba kamar hakan zai tashe ta. Sai Mama ta faɗo min a rai, na sauko na sa kafaɗa na tura ta.

Mama tsohuwar malamar kimiyya ce 'yar Filato, maƙwabciyata a Tarauni. Da na shiga makaranta da furfurata, 'yan gidanmu dariya suka yi min. Ita kuwa tabarma ta shimfiɗa min a ɗakinta mai ƙamshin man zafi da shayin citta.

Ranar da darasin motsin abubuwa masu yawa ya gagare ni, na yi jifa da littafin, na ce na daina. Ta nuna min kekenta na marasa lafiya, ta ce, "Hajiya sarkin faɗa, hau. Tura kanki, amma kada ki taɓa taya."

Na dafa hannun keken, na yi ta nishi, ko gezau. Ta sa sandarta ta zungure shi, sai ga ni a bakin ƙofa.

Ta ce, "Kin gani? Ko abubuwa dubu ne a ciki, turin da suke wa juna cinye kansa yake yi. Sai na waje."

Tun rasuwarta ban buɗe littafin ba, ga jarabawa ta matso. Yau na kakkaɓe shi, na zauna a tabarma ni kaɗai.

Allah ya ba ki hutu, Mama. Ni kuma ya turo min mai sanda.