Wutar Kan Dutse

Wutar da muke jin tatsuniya a gefenta ba ta girki ba ce, a kan dutse ake hura ta. Kakata, Kaka Ladi, fasa dutse take yi a bayan ƙauyenmu, can wajen Jos, ita da wasu mata. Idan falalen dutse ya ƙi jin guduma, sai a tara masa itace da yamma a kunna, ya kwana yana shan zafi. Da asuba a sheƙa masa ruwan sanyi, ya tsage da ƙara kamar harbin bindiga. Dole a samu mai tsaron wutar kada ta mutu, shi ya sa bayan an ci tuwo mukan bi Kaka mu zauna, ni da ƙannena.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, "Ga wata baƙuwa ta taho, ƙafa duk taɓo." Mu ce, "Ta zauna ta ji ɗumi." Ni maigida take kirana, irin wasan kaka da jika. "Maigida, turo itacen nan. Miji sai ci, ba aiki." Hannunta ya yi kanta har tana juya garwashi da yatsa, farcen babban yatsanta na hagu kuwa guduma ta cinye shi tun ba a haife ni ba.

Wadda ta fi maimaitawa ta wani saurayi ce da zai tafi birni. Uwarsa ba ta da abin ba shi sai ɗan dutsen niƙa, wanda ake riƙewa a hannu. Ya sa a jaka ya kama hanya. Ya haɗu da fatake masu kayan alfarma, suka tambaye shi me ke jan kafaɗarsa haka. Ya ce gishiri ne. Da suka sauka hutawa, ya zagaya bayan wani daji ya yar da dutsen. Ashe hanyar birnin ta kan wani tsauni mai iska ta bi. Kowa da nauyin kayansa ya wuce lafiya. Shi kuwa iska ta ɗauke shi kamar busasshen ganye, yana ta yawo a sama, yana hango rufin ɗakin uwarsa, ba damar sauka.

Nakan ce, "Kaka, bai mutu ba?"

"Ina fa, maigida. Mutuwa ai sauka ce." Sai ta kaɗe zaninta. "Baƙuwa ta tafi. A kwanta, gobe akwai ɗiban ruwa."

Yanzu na daɗe a Sterling, wani gari a ƙasar Turawa, ina lodin kaya a filin jirgi. Karatu sai da furfura ta fito na fara, a ajin manya na yamma. 'Yata Saratu a nan aka haife ta, tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa. Bara aka ba su aiki a makaranta, kowa ya rubuto sana'ar kakanninsa. Da ta tambaye ni, na ce Kaka atamfa take sayarwa a kasuwa. Ko tunani ban yi ba, don haka na saba faɗi idan na zauna cikin likitoci da injiniyoyin mutanenmu. Saratu ta rubuta, ta zana mace kyakkyawa a tsakiyar zannuwa masu launi, muka maƙala a jikin firij.

Da hutu ya zo muka yi tafiya can arewa, yini guda a mota, zuwa wani wuri a bakin teku da Saratu ta zaɓa. Ban san tsohon wurin fasa dutse ba ne sai da muka hau. Wani ƙaton rami ne a kan tsauni, ruwan sama ya cika shi ya yi kore, ganuwarsa a yanke tsaf. Can ƙasa teku na dukan duwatsun da aka zubar. Mutane na ta ɗaukar hoto. Akwai allo mai bayani, na ce Saratu ta bari in karanta da kaina. Na bi shi harafi harafi, ita tana jira. Ya ce baƙi ne daga ƙasashe masu nisa suka fasa wannan dutse da hannu, kuma garin yana alfahari da su.

Saratu ta durƙusa gaban wani dutse mai jerin ramuka a gefensa, ta sa yatsa a ciki. Ta ce lallai mutanen nan ƙarfi gare su.

Na ce, "Ba ƙarfi ba ne. Dutse jijiya gare shi. Kina bugawa kina sauraro, in muryarsa ta sauya, ya kusa buɗewa."

Ta ɗago. "Baba, ina ka san wannan?"

Iskar teku na ta kaɗa rigata. Na nemi wuri na zauna, na gaya mata komai, da wutar, da ruwan asuba, da yatsan da ba farce. Sannan ta yi magana da Hausa, abin da ba ta cika yi ba.

"To matar da na zana, wace ce?"

Na ce, "Ba kowa."

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga yaro marar jin magana. Ban lura ba cewa fataken ba su ma yi wa saurayin dariya ba, tambaya kawai suka yi. Ni ma ba wanda ya taɓa raina Kaka a gabana. Ni kaɗai na zagaya bayan daji. Da tsakuwar da ta fasa aka ciyar da ni har na kai girman hawa jirgi, na zo na yi mata sana'ar da ban jin kunyarta.

Da muka dawo gida Saratu ta cire zanen. Ba mu da hoton Kaka, don haka ta ce ba abin da za a maƙala a wurin sai abin da na rubuta da hannuna. Layin farko ya ci mini kwana uku, ina rubutawa ina gogewa. Yana nan a jikin firij, a karkace: Ladi, kakata, mai fasa dutse.